1978: Shekarar da Macizan Florida Suka Ɗauki Kofi

A wannan fitowa shafin wasanni ya bar Firimiya da La Liga su ɗan huta. Za mu tsallaka Amurka, mu duba wata kakar wasa da aka buga a 1978, wadda har yau ake tunawa da ita a can. A shekarar ce wata jami'ar baƙaƙen fata mai suna Florida A&M ta lashe kofin ƙasa na ƙwallon ƙafa irin na Amurka a rukuninta. Kafin ita babu jami'ar baƙaƙen da ta taɓa ɗaukar wannan kofi, bayanta ma babu wadda ta sake. Don a gane nauyin abin, sai mun fara sanin wasan kansa, da kuma dalilin da ya sa ake da jami'o'in da ake kira na baƙaƙe.

Wane irin wasa ne wannan?

Sunan ne kawai ya yi kama da ƙwallon da muke bugawa. Ƙwallon nasu dogo ne mai siffar ƙwai, kuma da hannu aka fi sarrafa shi. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili, sanye da hular kwano da abin kare kafaɗa, domin wasa ne na karo da kayar da juna. Tsawon filin yadi 100 ne, wato kimanin mita 91, sannan a kowane ƙarshe akwai wani yanki da za mu kira gida.

Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10. In ta cimma haka, a sake ba ta wasu huɗun. In ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Hanyar ci gaba biyu ce: ko ɗan wasa ya rungume ƙwallo ya ruga da shi har sai an kayar da shi, ko jagoran hari ya jefa wa wani abokinsa da ke gaba ya cafe. Wanda ya shiga gidan abokan karawa da ƙwallo ya ci maki 6, sai a ba su damar ƙara maki 1 da bugun ƙafa, ko 2 in sun sake shiga gidan. Idan suka ga shiga ya gagara, suna iya buga ƙwallon ya ratsa tsakanin dogayen sanduna biyu su sami maki 3. Ana yin wasan zubi huɗu, kowanne minti 15.

Abu ɗaya kuma da ya bambanta Amurka da mu: a can ƙungiyoyin jami'o'i na da magoya baya kamar manyan kulob. Dubban mutane ke cika filaye ranar Asabar, gidajen talabijin na nunawa, kuma daga jami'o'in ne gasar ƙwararru ta NFL ke zaɓar 'yan wasanta.

Me ya kawo jami'o'in baƙaƙe?

A zamanin bauta, jihohi da dama na kudancin Amurka sun kafa dokar hana koya wa bawa karatu da rubutu. An soke bauta a 1865, amma ƙofofin makarantu ba su buɗe ba. Jihohin kudu sun ɓullo da dokokin wariya: makaranta daban, asibiti daban, wurin zama a mota daban. A 1896 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da wannan tsari, bisa hujjar cewa ana iya raba mutane muddin an ba kowa daidai da na ɗan uwansa. Rabawar an yi, daidaiton ne bai taɓa zuwa ba.

Da baƙaƙen fata suka ga haka, sai su da majami'u da wasu masu taimako suka yi ta kafa nasu makarantun, wasu kuma jihohi ne suka kafa don kada baƙaƙe su nemi shiga na fararen. Cheyney ta faro tun 1837, Lincoln da ke jihar Pennsylvania a 1854, Howard da ke birnin Washington a 1867. Yau akwai irin waɗannan makarantu kimanin 100, kuma kowa na iya shiga ko wane launi ne. Mu ma muna da alaƙa da su: Dokta Nnamdi Azikiwe, shugaban Najeriya na farko, ya yi karatu a Howard da Lincoln, haka Kwame Nkrumah na Gana a Lincoln ya yi digirinsa.

Florida A&M ɗaya ce daga cikinsu. An kafa ta a 1887 a Tallahassee, babban birnin jihar Florida. Haruffan nan biyu na nufin noma da aikin injina. A cikin garin nan guda akwai wata jami'ar gwamnati, Florida State, wadda a da ta fararen fata ce zalla. Tsakaninsu tafiya ce ta ƙafa, amma shekara da shekaru ɗalibin wannan ba shi da ikon zama a ajin waccan. Laƙabin ƙungiyar Florida A&M shi ne Rattlers, sunan wani maciji mai dafi da ke kaɗa wutsiya tana kacau-kacau kafin ya yi sara. Shi ya sa za mu riƙa kiran su Macizai.

Zakarun da ba a bari a gwada ba

Wasa na farko tsakanin kwalejojin baƙaƙe biyu an yi shi ne ranar 27 ga Disamba, 1892, tsakanin Biddle da Livingstone a jihar North Carolina. Tun daga nan suka kafa gasanninsu. Daga 1920 wata jaridar baƙaƙe, Pittsburgh Courier, ta fara bayyana wanda take ganin shi ne zakaran jami'o'in baƙaƙe na kowace shekara.

A Florida A&M, babu sunan da ya kai na koci Jake Gaither. Ya riƙe ƙungiyar daga 1945 zuwa 1969, ya ci wasa sama da 200, aka doke shi sau 36 kacal. Cikin yaransa akwai Bob Hayes, wanda ya ci zinare a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, daga baya ya ɗauki kofin ƙwararru da Dallas Cowboys. Manyan masu horarwa farare, irin su Bear Bryant na Alabama da Woody Hayes na Ohio State, sukan halarci taron bita da Gaither ke shiryawa. Sun san ya iya. Duk da haka ƙungiyoyin fararen kudu ba sa karawa da tasa.

Nan matsalar take. Kana iya cinye duk wanda ke gabanka, amma mai raina ka zai ce ai a tsakaninku ne kawai. Kuma ba ka da hanyar ba shi amsa, tunda shi ne ya ƙi shigowa fili. Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, to su gwajin aka hana su. Sai a shekararsa ta ƙarshe Gaither ya sami dama: a Nuwamban 1969 Macizai suka kara da jami'ar Tampa ta fararen fata, suka ci 34 da 28.

Ƙofa ta buɗe, gida ya fara yoyo

A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati, a 1964 kuma aka kafa dokar kare haƙƙin farar hula. Sannu a hankali manyan jami'o'in kudu suka fara ɗaukar 'yan wasa baƙaƙe. Jami'ar Alabama, alal misali, sai a 1971 baƙar fata ya fara buga mata wasa.

Wannan nasara ce babba, babu mai musu. Amma ta zo wa jami'o'in baƙaƙe da sabon ƙalubale. A da, yaro mai hazaƙa daga Florida ko Georgia ba shi da zaɓi a kudu sai su. Yanzu manyan jami'o'i masu kuɗi, masu manyan filaye da ɗakunan motsa jiki, waɗanda ake nunawa a talabijin, su ne ke zuwa har gida suna lallashin iyayensa. Wa zai ga laifin yaron in ya tafi? Bayan Gaither ya yi ritaya, Florida A&M ta yi ta sauya masu horarwa, sakamako kuma ya yi ƙasa. Mutane suka fara tambayar ko zamanin Macizai ya wuce.

A 1974 aka ɗauko Rudy Hubbard, matashi da bai cika shekara 30 ba. Ya buga wa Ohio State wasa, sannan ya zama mataimakin Woody Hayes, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a can. Daga ubangidansa ya koyo wasan ƙasa: layin gaba mai ƙarfi da ke ture abokan karawa ya buɗe hanya, da masu ruga da ƙwallo da ba sa gajiya. Salo ne da ba ya burge mai son ƙawa. Abin da yake nema shi ne maimaita atisaye har kowa ya san inda zai sa ƙafarsa ko da ido rufe. A shekararsa ta huɗu, 1977, Macizai suka buga wasa 11 suka cinye duka.

Kakar 1978

A 1978 hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, NCAA, ta raba babban rukuninta gida biyu. Manyan jami'o'i masu kuɗi suka zauna a sama. Aka ƙirƙiro rukuni na biye da shi mai suna I-AA don matsakaitan jami'o'i, aka kuma ce zakaran wannan rukuni a fili za a fitar da shi, ta hanyar wasan sili-ɗaya-ƙwale. Wannan shi ne muhimmin abin. Ba ƙuri'ar 'yan jarida ba ce, ba ra'ayin kowa ba ne. Wanda ya ci shi ya ci.

A lokacin Florida A&M na cikin gasar da ake lissafawa a ƙaramin rukuni. Tana iya zama a can ta ci gaba da cin kowa cikin kwanciyar hankali. Maimakon haka sai ta nemi a ɗaga ta zuwa sabon rukunin, hukumar kuma ta amince.

Kakar ba ta tafi sumul ba. A watan Oktoba jami'ar Tennessee State, ita ma ta baƙaƙe, ta doke su 24 da 21. Ga ƙungiyar da ta yi shekara guda ba ta san ɗacin shan kashi ba, wannan mari ne mai zafi. Ya kuma jefa su cikin haɗari, domin ƙungiya huɗu kawai za a ɗauka zuwa zagayen neman kofi a duk faɗin ƙasar. Wani tuntuɓen guda, shi ke nan.

Ba su sake tuntuɓe ba. A farkon Disamba suka je Miami don wasan shekara-shekara da jami'ar ke shiryawa tun 1933, Orange Blossom Classic. Abokan karawarsu Grambling ne, ƙungiyar Eddie Robinson, kocin da ya yi ritaya a 1997 da nasara 408. Macizai suka lallasa su 31 da 7. Bayan wannan ne aka ba su gurbi cikin huɗun, tare da Nevada, Massachusetts da Jackson State.

A wasan kusa da na ƙarshe an haɗa su da Jackson State, wata jami'ar baƙaƙe, kuma a garin Jackson na jihar Mississippi aka buga. Wasa ne na tsaron gida, maki ya yi wuya, Macizai suka sha da ƙyar 15 da 10. A ɗaya wasan kuma Massachusetts ta je har gida ta doke Nevada 44 da 21.

Ranar wanka

Ranar Asabar 16 ga Disamba, 1978, aka haɗu a garin Wichita Falls na jihar Texas, gidan talabijin na ABC yana nunawa. Massachusetts babbar jami'ar jiha ce daga arewa maso gabashin ƙasar, mafi yawan ɗalibanta farare.

Baƙon da ba a gayyata ba a ranar shi ne iska. Ta yi ta kaɗawa da ƙarfi daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, duk ƙwallon da aka jefa ko aka buga sama sai ta karkatar da shi. Ga yawancin ƙungiyoyi wannan bala'i ne, domin an datse musu hannu ɗaya. Macizai sun gwada jifa sau bakwai, ko ɗaya bai isa hannun ɗan wasansu ba.

A nan atisayen Hubbard na shekara biyar ya biya. Tunda sama ta ƙi, sai suka koma ƙasa. Jagoran hari Albert Chester ya yi ta miƙa ƙwallo ga Mike Solomon da Melvin McFayden, layin gaba na buɗe musu hanya. Massachusetts ta san abin da ke zuwa, 'yan kallo ma sun sani, amma tare shi ya gagara. Solomon shi kaɗai ya ruga sama da yadi 200. Ƙungiyar gaba ɗaya ta yi yadi 470 da gudu, wato sama da tsawon filin sau huɗu da rabi, ana ture mutane masu nauyi taku bayan taku.

Kada a ɗauka wasan ya zo da sauƙi. Massachusetts ce ta fara cin maki, jagoranci ya yi ta sauya hannu, har a zubi na huɗu ba a san maci tuwo ba. Sai can wajen ƙarshe Macizai suka ba da rata, abokan karawar suka rage ta dab da tashi. Aka tashi 35 da 28. Florida A&M ta kammala kakar da nasara 12 da rashin nasara 1, ta zama zakara ta farko a tarihin rukunin.

Ko sa'a ce? Amsar ta zo a Oktoban 1979. Jami'ar Miami, wadda ke rukunin sama, ta zo Tallahassee, Macizai suka doke ta 16 da 13. Kocin Miami a ranar, Howard Schnellenberger, shi ne ya ɗauki babban kofin ƙasar da ita a kakar 1983.

Me ya sa ba a sake ba?

Sama da shekara 40 ke nan, rukunin ya sauya suna zuwa FCS a 2006, amma Florida A&M ce kaɗai jami'ar baƙaƙe a jerin zakarunsa. Dalilai biyu ne manya.

Na farko kuɗi. Ratar da ke tsakanin manyan jami'o'i da na baƙaƙe ta ƙara faɗi yayin da kuɗin talabijin ya yawaita, mafi yawan fitattun yara kuma suka ci gaba da bin inda kayan aiki suke. Wannan bai hana jami'o'in baƙaƙe fitar da gwanaye ba. Walter Payton daga Jackson State ya fito, Jerry Rice daga Mississippi Valley State. Doug Williams na Grambling shi ne baƙar fata na farko da ya jagoranci hari ya ci babban wasan ƙarshe na NFL, a Janairun 1988. Amma fitar da gwani ɗaya daban, tara ƙungiya cikakkiya daban.

Na biyu zaɓi. Jami'o'in baƙaƙe na da nasu manyan wasanni da ke tara jama'a, kamar karawar Grambling da Southern a New Orleans a ƙarshen Nuwamba. A irin waɗannan ranaku tsofaffin ɗalibai na dawowa, iyalai na haɗuwa, ƙungiyoyin makaɗan badujala na baje kolinsu a hutun rabin lokaci. Ta Florida A&M, mai suna Marching 100, ta shahara har wasu na cewa don ita suke zuwa fili. Waɗannan wasanni na kawo kuɗin da makarantun ke buƙata, kuma lokacinsu na cin karo da na zagayen neman kofi. Tun 2015 zakarun manyan gasanninsu biyu, MEAC da SWAC, kan haɗu a Atlanta a wasan Celebration Bowl maimakon shiga wancan zagaye. Florida A&M ta ci shi a 2023, ta doke Howard 30 da 26.

Har yau magoya baya na muhawara. Wasu na ganin riƙe nasu bikin ya fi, tunda shi ke ciyar da makaranta ya kuma raya al'ada. Wasu na cewa wanda ya daina shiga gasa da kowa ya mayar da kansa inda aka ajiye shi a da. Kowane ɓangare na da hujja. Shi kuwa Rudy Hubbard, sai a 2021 aka shigar da sunansa zauren girmama gwarazan ƙwallon jami'o'i, shekara 43 bayan kofin.

Abin da ya shafe mu

Da yawanmu mun san yadda ake ji idan aka fita gasar kacici-kacici ko muhawara ko ƙwallo, aka haɗu da makarantar da ta fi tamu motoci da kayan sawa da ɗakin gwaje-gwaje. Tun kafin a fara wani ya karaya. Labarin 1978 bai ce kayan aiki ba su da amfani ba. Shekarun da suka biyo baya sun nuna suna da shi ƙwarai, kuma haƙƙin hukuma ne ta samar wa kowace makaranta.

Abin da labarin ya nuna shi ne yadda aka yi da damar da ta samu. Macizai ba su jira ranar wasan ƙarshe kafin su shirya ba. Sun yi shekaru suna goge abu guda har ya zame musu jiki. Da aka buɗe sabon rukuni su suka nemi shiga, alhali suna iya fakewa a inda babu mai taɓa su. Da aka doke su a Oktoba ba su watse ba. Da iska ta ƙwace musu jifa kuma, suna da abin da za su koma wa.

Ga tambayar wannan fitowa, kuma muna so malamanmu ma su sa baki: da kai ne shugaban ɗaya daga cikin waɗannan jami'o'i a yau, wanne za ka zaɓa, wasan gida mai tara jama'a da kuɗi, ko shiga gasar ƙasa don neman kofi irin na 1978? A rubuta amsa a taƙaice, a sa suna da aji, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida. Za mu liƙa waɗanda suka fi ƙarfin hujja a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.